Rigar Leda Ba Ta Cike Rami

Wata sabuwa ta fito: attajiranmu sun shiga lulluɓe Mercedes ɗinsu da siririyar leda garai-garai, wai don kare fenti. Ba mu musa amfaninta ba. Tana tare tsakuwa, kuma ƙananan ƙarce-ƙarce sukan ɓace in ta sha rana. Amma bayan shekara 5 zuwa 10 sai a ɓare ta a sake biya, kuma ba ta hana ƙarfe lotsewa in mota ta afka rami. To, daga ina tsakuwar take, in ba daga titin da ya farfashe ba? An bar jaki ana dukan taiki. Mu dai mun ce a gyara hanya, fenti ya huta, talaka ma ya huta.