A Kawo Zanen Mu Gani Kafin a Kafa Tubali a Bakin Tiga

Jama'ar Kano, musamman ku mutanen Bebeji da Rano da Tudun Wada da kuke kwana ku tashi da ruwan Tiga, ku ba ni kunnuwanku. Maganar gina dandalin shirya fina-finai a jihar nan ba ta mutu ba. Tun da aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a watan Janairun 2024, 'yan Kannywood suka sake ɗaga kai suna tambayar yaushe za a cika musu tsohon alkawari. In kuwa aka tashi neman fili, ido Tiga zai faɗa, domin a can gwamnatin Kwankwaso ta kafa makarantar koyon harkar fim, kuma tun zamanin kaset masu shirya fim ke kwasar kyamara su tafi bakin ruwan da duwatsun Rock Castle ɗaukar waƙa. Abin da nake kiranku a kai guda ɗaya ne: wannan karon mu nemi a shimfiɗa mana zanen ginin a gabanmu, mu duba shi da idonmu, kafin wani ya ce ya amince da yawunmu ko ya ƙi da yawunmu.

Ku tuna abin da ya faru a 2016. Gwamnatin Buhari ta sanar da cewa za ta gina dandalin fim a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, a fili mai faɗin hekta 20, kan kuɗi naira biliyan 3. Aka lissafa abubuwan da za a zuba a ciki: zauren ɗaukar fim, ɗakin taro mai cin mutum 400, makwancin ɗalibai, otal, rukunin shaguna, filin wasa, asibiti. Malamai suka hau mumbari suka ce ba su yarda ba, kafafen sada zumunta suka ɗauki wuta, 'yan fim suka mayar da martani cikin zafi. Ba a rufa wata guda ba Kawu Sumaila, mai ba shugaban ƙasa shawara a lokacin, ya fito ya ce an soke aikin.

To ina tambaya, a cikin dubban da suka yi ta kumfar baki a ɓangarorin biyu, mutum nawa ne ya ga takardar zanen? Wa ya san inda ƙofar otal ɗin ta kalla, ko gonar wa katanga za ta ratsa? Wanda ya tsani aikin ya zana nasa dandalin a zuciyarsa, ya cika shi da duk abin da yake tsoro. Wanda ke so shi ma ya zana nasa, ya cika shi da aikin yi da kuɗi. Gwamnati ce ta fi kowa laifi, don ita ta ɗauko abu daga Abuja ta dire shi ba tare da ta zauna da kowa ba. Amma mu ma mun bari an yi mana hukunci a kan abin da ba mu gani ba, kuma manoman Kofa, waɗanda ƙasarsu ce ake magana a kai, su ne muryarsu ta fi ɓacewa a cikin hayaniyar.

A Kofa gona ce kawai a kan faifai. A Tiga ruwa ne, kuma ruwan nan ba na garin Tiga kaɗai ba ne. Gwamnatin Audu Bako ce ta datse Kogin Kano aka kammala madatsar a 1974, bayan an tashi garuruwa daga mazauninsu. Daga nan ruwa ke bin babbar kwata ya shayar da shinkafa da tumatir da alkama a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga kogin nan matatar Tamburawa ke ɗibar ruwan da ke zuwa famfunan birni. Ragowar ya gangara Wudil, ya nufi Haɗeja da fadamun Nguru. Duk abin da aka zuba a bakin Tiga, wani zai sha shi a Ƙofar Nasarawa.

Saboda haka tambayar farko ga mai zane ita ce: ina katangarka ta tsaya? Masu gina irin waɗannan wurare suna son su kai shinge har cikin ruwa, don a samu gaɓa mai tsabta wadda ba kowa a kanta. Ku je bakin dam da asuba ku ga abin da ke kan gaɓar. Masunci ya turo kwalekwalensa ya ɗaure a turke, yana zazzage karfasa da tarwaɗa daga koma, masu sari na tsaye da bahonsu ana ciniki, can gefe yaro ya koro shanu suna layi za su sha. Layi ɗaya da injiniya zai ja da biro a ofis ya isa ya rufe mashayar nan da mashigar nan har abada. A zane ake barin hanya. In an riga an zuba kankare, sai dai kuka.

Sai ruwan datti. Wurin da zai kwanar da ɗaruruwan mutane, da banɗakuna da kicin da wurin wanki da fentin kayan ado da baƙin man janareta, ina zai kai ƙazantarsa? A nuna mana a takarda inda matatar take da nisanta daga gaɓa. A nuna mana kuma iyakar da ruwa ke kaiwa a shekarar da damina ta yi ƙarfi, kada a yi gini a inda ruwa ya saba kwana. Dattawan Bebeji ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba, ba sa buƙatar wani ya yi musu lacca a kan ƙarfin ruwa.

Akwai wata matsala da sai wanda ya taɓa tsayawa a wurin ɗaukar fim zai gane ta. Darakta ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, mai riƙe da sandar makirfo ya sa abin ji a kunne, sai ga ƙarar injin ban-ruwa daga gonar maƙota tana shigowa tar. Wa zai kashe nasa? In ba a gina zauren ɗauka da bango mai kauri wanda ke tare sauti ba, wata rana mai gadi za a tura ya ce wa manomi ya kashe inji a tsakiyar rani, tumatir na ƙishi. Rigimar da za a shekara goma ana yi, tun a kaurin bango ake kashe ta.

Allah ya gafarta malamai, damuwarku a kan tarbiyya damuwa ce ta gaskiya, kuma ba wanda ya isa ya ce ku yi shiru. Amma yawancin abin da kuke tsoro yana da amsa a cikin zane. Shin ana buƙatar otal a ciki ma, ko a bar shi? Makwancin mata yana ina, na maza yana ina, ƙofofinsu ɗaya ne ko daban? Ina masallaci, kuma zai ɗauki mutum nawa? Wa ke riƙe da ƙofar shiga bayan isha'i? Ku zo da waɗannan tambayoyi ku zauna a gaban mai zane ku sa shi ya goge ya sake. Soke aikin Kofa bai hana a yi fim ko ɗaya ba. Tun daga Turmin Danya a 1990 ake yi, ana kuma ci gaba da yi a gidajen haya da otal-otal da lambunan mutane, inda Hukumar Tace Fina-finai ta jiha ba ta iya sa ido a kan kowane lungu.

Ku kuma 'yan fim, kada murna ta sa ku karɓi duk abin da aka miƙo. Me filin wasa da rukunin shaguna za su ƙara wa fim ɗinku? Wutar da ba ta ɗaukewa kuke buƙata, da zaure mai tsayin rufi da za a rataya fitilu, da ɗakunan tace hoto da sauti, da wurin kafintoci da teloli, da kuɗin haya wanda ƙaramin furodusa zai iya biya. Ɗan kwangila ya fi son katafaren gini mai ƙyalli don a nan ribarsa take. In ba ku buɗe baki ba, za a gina muku wurin biki a kira shi dandalin fim.

Kuma ba alfarma za mu roƙa ba. Dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi nazari kafin a fara aiki irin wannan, kuma ƙa'ida ce a baje rahoton a bainar jama'a na kwanakin aiki 21 don kowa ya karanta ya rubuta ƙorafinsa. Sai dai yadda aka saba, a ajiye ƙaton littafi da Turanci a sakatariya, a buga sanarwa a jaridar da ba ta zuwa ƙauye, wa'adi ya cika ba wanda ya sani. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi takarda, a amsa masa cikin kwana 7. Masu gonaki kuma ku sani, a ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, amfanin gona da itatuwa da gine-gine ake biya wa diyya, ba ƙasar kanta ba. Don haka ku ƙirga mangwaronku da ɗorawarku da rijiyoyinku, ku rubuta, dagaci ya shaida, tun kafin masu awo su iso.

Ku fara yanzu. Sarkin ruwa ya tara masunta su fitar da mashigan da ba za a taɓa ba. Ardo ya nuna burtali da mashaya. Ƙungiyoyin manoman rani su kai maganar gaban hakimi da kansila da ɗan majalisarsu. Ɗalibanmu masu karatun zanen gine-gine a Jami'ar Bayero da ta Wudil, ku shirya ku zama idon iyayenku, ku karanta musu takardar layi-layi. Masu kiran waya a shirye-shiryen Freedom da Rahama da Rediyon Kano, duk jami'in da ya shigo ya ambaci dandalin fim, ku tambaye shi ranar da za a kafe zanen a ƙofar fadar hakimi da bayani da Hausa, da ranar da mai zanen zai zo da kansa ya amsa tambayoyi a gaban jama'a. In ya kauce, mai kira na gaba ya sake tambayarsa.