ƘARAMIN RANCE DA AMANAR SHUGABA

Ina so in yi magana a kan wani abu da ya shafi tukunyar gidanmu, kuma na tabbata ya shafi ta gidaje da yawa. Sana'ar Inna, mahaifiyata, ita ce ƙuli-ƙuli da man gyada. Da wannan sana'a ake saya mini littattafai da sabulu, da ita ake biyan kuɗin mota ranar komawa makaranta.

A da Inna ba ta da jarin kanta. Wani ɗan kasuwa ne yake ba ta gyada bashi, bisa sharaɗin shi za ta sayar wa man, a kan kuɗin da ya yanka. Ita ke suya, ita ke kai niƙa, ita ke matsa har hannu ya yi kanta, amma riba tana aljihun wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da malaminmu ya ba mu labarin Muhammad Yunus na ƙasar Bangladash, sai na ji kamar labarin Inna yake bayarwa. A 1976 wannan malamin jami'a ya shiga ƙauyen Jobra, ya tarar da wata mata tana saƙa kujerun gora, ita ma a hannun mai ba ta bashi take. Ya ƙirga mutum 42 masu irin wannan hali, ya ga abin da suke bukata gaba ɗaya dala 27 ne kacal, sai ya ranta musu daga aljihunsa. Daga nan aka samu Bankin Grameen a 1983. Bankin ba ya neman jingina. Masu rance, galibinsu mata, sukan haɗu biyar-biyar, suna biya kaɗan-kaɗan kowane mako. A 2006 aka ba Yunus da bankin lambar Nobel ta zaman lafiya.

Mu ma nan ba baƙi ba ne a wannan fage, tun da kakanninmu sun san adashi. A 1991 kuma ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi ta Nijar, inda mata ke zuba kuɗi kowane mako, su riƙa ranta wa junansu daga cikin abin da suka tara. Irin wannan matan unguwarmu suka kafa. Da rancen farko Inna ta sayi buhun gyada lokacin kaka, tana araha, ta sayar da manta ga wanda ta ga dama.

To, ra'ayina shi ne, ba kuɗin ne kawai ya ɗaga Inna ba, shugabar ƙungiyar ce. Dalili kuwa, kafin wannan Inna ta taɓa shiga wani adashi, da kwasarta ta zo sai uwar adashi ta ce kuɗi sun yi ƙafa. Wata shida na zubi ya tafi a banza. Shugabarsu ta yanzu kuwa ba ta taɓa ƙirga kuɗi a ɗaki ita kaɗai ba. Akwatin yana da kwado uku, makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Da wata ta nemi rance don kayan ɗakin 'yarta, shugaba ta ce mata, “Yaya, ki yi haƙuri, gado da kwanuka ba sa haihuwa. Mu yi miki gudummawa dai, amma jari na sana'a ne.” Da mijin wata ya kwanta ciwo, ita ce ta roƙi sauran suka ɗaga mata biya har ta farfaɗo.

Kada wani ya ɗauka rance maganin talauci ne ko ta halin ƙaƙa. A 2010, a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, kamfanonin ba da rance sun yi ta ɗora wa talakawa bashi a kan bashi, masu karɓa suka matsa musu, har wasu suka kashe kansu, sai da gwamnatin jihar ta kafa doka. Ga kuma maganar riba, wadda addininmu ya hana. Saboda haka ƙungiyar su Inna ba ta ƙara ko kwabo a kan abin da aka ranta.

Shawarata ga iyayenmu mata, kada a zaɓi shugaba don tana da kuɗi ko don mijinta babba ne. A zaɓi mai gaskiya, mai haƙuri, wadda ta san halin kowa. Iyayenmu maza kuma su bar jarin ya yi aikinsa, kada a mayar da shi kuɗin cefane. Mu ɗalibai, da muka iya lissafi, mu taimaka da rubutu. Ni ke rubuta musu littafin zubi duk lokacin hutu, kuma ban taɓa jin daɗin darasin lissafi kamar haka ba.

Allah Ya sa albarka a sana'ar iyayenmu, Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, amin.