RA'AYINMU: Da Na Gaba Ake Gane Zurfin Ruwa

Kowace shekara ƙannenmu suna shigowa jami'a da takardun shaida masu kyau, sun ci jarrabawar WAEC ko NECO, sun haye ta JAMB. Amma ran da malami ya fara ce musu su je su bincika wani abu su kawo rahoto, sai ka ga ido ya raina fata. Laifin kuwa ba nasu ba ne. Shekara shida aka yi ana koya musu hadda da amsa tambayar da wani ya shirya, ba a taɓa koya musu yadda mutum zai yi tasa tambayar ya bi sawunta ba. Irin wannan ɗalibi ne, in shekarar ƙarshe ta zo, yakan je ya sayi kundin bincike a kasuwa ya sa sunansa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gano maganin wannan. A Amurka, alal misali, akwai wani shiri da aka fara a 1984, wanda ake gudanarwa a jami'ar MIT, inda 'yan sakandare ke yin mako shida suna bincike a ƙarƙashin wani masani. Ba mu da kuɗin su, ba kuwa mu ce a kwaikwaye su ido rufe ba. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne asalin dabarar, watau a haɗa yaro da wanda ya riga shi, a ba su tambaya guda ta gaske.

Mun zaɓi ƙasar Yawuri ta zama misali, domin ba mu san inda ya fi ta dacewa ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka ta da mutane kimanin 44,000 daga gidajensu, masana na gida da na waje ke zuwa suna nazarin tafkin da mutanensa. Aikin binciken da aka kafa a 1968 shi ne ya zama Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa. An yi rubuce-rubuce a kan Gungawa da noman albasarsu, a kan warangi da giwan ruwa. Alhali kuwa ɗan masunci da ke karatu a Yelwa ko Wara ko Shanga, wanda ya san waɗannan abubuwa tun yana rarrafe, da wuya wani ya taɓa gaya masa cewa abin da ya sani ɗin nan ilmi ne.

Ƙasar nan kuwa ba baƙuwar bincike ba ce. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, da tarihin Yawuri ya soma, kafin ya wallafa littafinsa kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato. Haka nan Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya shugabanci wannan jami'a kafin ya hau gadon sarautar Yawuri a 1999. Masarautar da ta fid da shugabannin jami'a biyu bai kamata 'ya'yanta su riƙa tsorata da kalmar bincike ba.

Ga shawararmu. A lokacin dogon hutu, kowane ɗalibin jami'a da ya ba da kansa ya ɗauki 'yan aji biyar uku ko huɗu, maza da mata, na tsawon mako shida, wani malamin jami'a ko ma'aikacin cibiyar Sabuwar Busa yana duba aikin. Tambayar ta zama ƙarama. Waɗanne irin kifi ake saukewa a mashaya guda kowace safiya, kuma nawa ne nauyinsu? Yaya farashin buhun albasa ke sauyawa daga mako zuwa mako? Me dattawa ke tunawa game da tsibiran da ruwa ya cinye? Yaya manoma ke shirya aikinsu da farin ruwa, wanda daminarmu ke kawowa, da baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga duwatsun Gini ya iso da sanyin hunturu? Kayan aikin ba su wuce littafin rubutu da ma'auni da wayar hannu ba.

Abin da yaro zai samu a nan shi ne ainihin abin da jami'a za ta nema daga gare shi. Zai koyi rage babbar tambaya ta zama wadda za a iya amsawa. Zai koyi rubuta abin da ya gani ko da ya saɓa wa abin da yake zato. Zai koyi bambanta abin da ya auna da abin da aka gaya masa, ya kuma faɗi inda ya samo kowace magana. Sa'an nan zai koyi karɓar gyara ba tare da fushi ba, ya tsaya gaban jama'a ya kare aikinsa. Bugu da ƙari, zai sami yaya a jami'a wanda zai tambaya game da zaɓen fanni, don kada ya shiga abin da bai san kansa ba.

Mun san za a kawo hanzari. Wasu za su ce wannan zai ɗauke hankalin yara daga jarrabawa. Amsarmu ita ce, wanda ya auna kifi ya fid da matsakaicin nauyinsa da hannunsa ba zai manta da wannan lissafi a ɗakin jarrabawa ba. Hanzari na biyu ya fi nauyi, watau tsaro. Ba wanda ya manta da sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, ko hatsarin jirgin ruwa na Wara a watan Mayu na 2021. Saboda haka lalle ne kowane yaro ya yi aikinsa a garinsu, da rana, da yardar iyaye da sanin mai unguwa, ban da hawa kwalekwale. Abu na uku kuwa gargaɗi ne gare mu: jagoran da ya rubuta wa yaro rahotonsa ya cuce shi, ya kuma koya masa irin satar da muke kuka da ita.

Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ƙungiyoyin 'yan asalin Yawuri a jami'o'in Birnin Kabi da Aliero da Sakkwato su rubuta sunayen masu son wannan aiki kafin hutu. Muna roƙon shugabannin sakandare su ba da ɗaki guda, malamanmu kuma su ba da sa'a biyu a mako. 'Yan'uwanmu matasan ma'aikata a ofisoshin gona da kifi da ilmi su buɗe wa yaran nan ƙofa in sun zo da tambaya. A soma da makaranta uku, ɗaya a Yawuri, ɗaya a Ngaski, ɗaya a Shanga, a ƙarshen hutu a taru a saurari abin da yaran suka gano. Mujallar nan ta yi alkawarin buga rahotannin da suka fi kyau.

Allah ya sa mu dace, amin.