Jirginmu ne ya tashi, ko na kusa da mu?

Dattawanmu da suka sha hawa jirgin ƙasa a tashar Hawata, a kan layin dogon da ya haɗa Gadarif da Sinnar tun 1929, sun san wani abin mamaki. Kana zaune a tarago, jirgin da ke gefenku ya soma motsawa, sai ka rantse naku ne ya tashi, har ka dafe kayanka. Sai ka waiwaya ka ga ginin tasha na nan inda yake, sannan ka gane ko gezau ba ku yi ba. Dalili kuwa, ido ba ya tantance wanda ke tafiya sai ya gwada da abin da ke tsaye.

To, 'yan'uwa 'yan kasuwa, irin wannan ruɗin ne ke cinye mana jari. Idan farashin riɗi ko dawa ya hau, mukan ce kaya sun yi daraja, alhali sau da yawa kayan na nan inda suke, kuɗin ne ke komawa baya. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa wajen 375, kuma bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 fam ya ƙara rugujewa. Mutum ya sayar da buhu ɗari yana murnar riba, kaka ta zagayo, uwar kuɗi da ribar su kasa sayo buhu ɗarin.

Haka lokaci ma yake yaudararmu. Awa ɗaya a layin kwastan na Galabat kamar wuni take, domin hankali na kan jira. Amma wata uku na bashin da muka bayar sai su wuce kamar ƙiftawar ido, saboda ba mai kallonsu. Kowace rana a cikinsu kuwa kuɗin na zagwanyewa a hannun wanda muke bi.

Don haka shawararmu ita ce mu nemi namu ginin tashar. Mu riƙa ƙirga jari da buhu, ba da yawan takardun kuɗi ba. Kowane bashi a rubuta ranar bayarwa da ranar biya, a gaban shaidu. Duk ƙarshen wata a buɗe littafi a tambaya: da na sayar da komai yau, buhu nawa zan iya mayarwa?

Allah Ya sanya albarka a nemanmu, Ya kawo zaman lafiya a Sudan, amin.