Farar Mace Alkyabbar Mata: Wa Ya Ɗinka Alkyabbar?

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan kwalliya a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ko ya leƙa ƙananan shagunan Aboabo da Sabon Zongo a makonnin da bukukuwan aure ke yawaita, ya san akwai kayan kan tebur, akwai kuma na ƙarƙashinsa. A sama turare ne da hoda da jan baki. A ƙasa kuwa robobi ne marasa suna, marasa ranar lalacewa, waɗanda mai shago ta haɗa da hannunta: ta matse bututu biyu ko uku na maganin ƙaiƙayi cikin man shafawa, ta ɗiga wani ruwa daga 'yar kwalba, ta juya da cokali. Ba a kiransa bilicin, don sunan ya zama abin kunya. Sai a ce haɗi ne, ko man gyaran fata, ko a ce ai ɗan goge duhun rana kawai ake yi. Tun watan Agustan 2016 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana, wato FDA, ta hana shigo da kayan shafa masu ɗauke da sinadarin haidurokwinon. Dokar tana nan a takarda, robobin kuma suna nan a ƙarƙashin tebur, kuma mai saye ba ta yanke ba.

Matsayin wannan jarida shi ne mun daɗe muna kama reshe muna barin tushe. A wa'azi, a gidan rediyo, a zauren hira, mai shafawa ake tsinewa. Ana yi mata dariya saboda gaɓoɓin yatsunta sun ƙi bin sauran jiki, ana ce mata mai launi biyu, ana cewa ta raina halittar Allah. Wanda ya sanya wa farar fata farashi kuwa, ya ce da ita za a auna mace, yana zaune a gefe yana taya dariya. Shi ne saurayin da ya ce wa gwaggonsa ta nemo masa fara, ita ce uwar miji da ta kalli amarya ta taɓe baki, mu ne da muke buɗe mayafin jaririya ranar suna mu duba kunnenta don mu san ko hasken zai zauna ko zai gudu.

Kafin a shiga gardama, a san abin da ke cikin robar. Duhun fatarmu daga sinadarin melanin yake, shi ne laimar da ke kare mu daga zafin ranar wannan yanki. Haidurokwinon yana hana fata ƙera shi, idan kuma aka daɗe ana shafawa sai ya juya, ya bar baƙaƙen tabo masu kauri a kumatu da goshi waɗanda da ƙyar suke fita. Bututun maganin ƙaiƙayin nan sitiroyid ne mai ƙarfi, irin su kulobetasol, wanda likita ke rubutawa na ɗan taƙaitaccen lokaci. Mai shafa shi shekara da shekaru fatarta na yin siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse, ciwo ya ƙi warkewa, kuma yana iya ratsawa cikin jini ya tayar da hawan jini da ciwon sukari. Na ukunsu zaiba ce, wadda ake kira makuri, mai cin ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, mai bin mahaifa da ruwan nono ta isa ga jariri. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya da kashi 59 na matan Togo suna amfani da kayan hasken fata. Ko mutum ya raba waɗannan alƙaluma gida biyu don tsantseni, abin da ya rage ya isa tayar da hankali, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Yawancin masu shafawa sun ga wadda man ya ɓata, a gidansu ko a maƙwabta. Mace ba ta ganin wuta ta sa hannu sai in abin da ke korarta ya fi wutar zafi.

Za a ce mana so ba ya da dalili, kowa da abin da idonsa ke so, wani fara, wani baƙa, wani wankan tarwaɗa. Da haka abin yake da ba mu yi magana ba. Da zaɓin zuciya ne zalla, da ya warwatsu kamar yadda son tuwo da son waake ya warwatsu, da kuma an samu shagon da ke sayar da man ƙara duhu. Babu shi. Kibiyar gefe ɗaya take nufa, kuma harshenmu ya tona asirin wanda ya saita ta. Mu ne muke yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, muke cewa lantarkin gida ce, har samari su yi raha su ce in dai fara ce ko mayya ce a kawo. In za a yabi baƙa kuwa sai an sa “amma”: baƙa ce amma kyakkyawa. A littattafan soyayya da finafinan Kano da ake kallo a ɗakunanmu, siffar tauraruwa kusan ɗaya ce, fara sol, hanci har baka, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya ko 'yar Indiya. Maƙwabtanmu Tonawa ma ba su tsira ba, don a harshen Twi masoyi kan kira abar ƙaunarsa “me broni”, wato Baturiyata. Yarinyar da ta tashi a Asawase tana jin wannan da harsuna biyu tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Abin da aka shayar da yaro da shi shekara ashirin, in ya girma ya ce ra'ayinsa ne, ba ƙarya ya yi ba, sai dai bai san wanda ya dama masa ba. Wasu kan kafa hujja da farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, su ce ai harshen ma haka Allah Ya yi shi. Sun manta da farar ƙafa, wadda babu matar da ke so a jingina mata.

Akwai kuma masu cewa a daina ɗora wa Turawa komai, son farar mace ya girmi zuwansu. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta fi ɗaci. Tun kafin Ingilishi su mamaye Kumasi a 1896, fataken goro da ke bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina sun zo da ma'auninsu na daraja, wanda hulɗar Sahara da cinikin bayi suka sassaƙa. A wannan ma'auni, kama da Balarabe ko Bafillace na nuna asali da malanta da sarauta. A 1615 sai da Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta Mi'irajus Su'ud don ya amsa wa mutanen Tuwat cewa baƙar fata ba ta halatta bautar da mutum, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a kama mutanensu ba. Ba a rubuta fatawa a kan tambayar da ba a yi ba, ke nan a arewacin Sahara akwai masu ganin duk baƙi bawa ne, har da kakanninmu. Kuma malamin da ya kare mu, a littafin nan dai, ya sa Mosi da Gurma da Kotokoli cikin waɗanda ya ce ana iya bautarwa saboda a lokacin ba su musulunta ba. Jikokin waɗannan da na waɗancan yau sahu ɗaya suke yi a masallatan Zongo. Kasuwar bayi ta Salaga ta mutu, hare-haren kamun bayi na Babatu a ƙasar Gurunshi sun zama tarihi, amma tambayar “ɗan wane ne, wane iri ne” tana nan da ranta a duk inda ake neman aure. Tsufan al'ada bai wanke ta ba, ya dai nuna zurfin saiwarta.

Abin da zamanin Turawa da na kasuwa suka yi shi ne suka samu tsani a jingine suka ƙara masa matakala, suka kuma fara sayar da tikitin hawa. Finafinan Indiya sun yi shekaru suna cika gidajen silima daga Kano har Kumasi, kuma tun 2015 da tashar Adom TV ta fara nuna Kumkum Bhagya da harshen Twi, fuskokin Mumbai suka zama 'yan gida. Indiyar kuwa tana fama da irin ciwonmu: man Fair & Lovely ya yi shekaru arba'in da biyar a kasuwa kafin kamfanin Unilever ya cire kalmar fari daga sunansa a 2020. A 2017 allunan tallar wani man Nivea mai alƙawarin hasken fata sun tsaya a titunan Accra har mawaƙi Fuse ODG da wasu suka yi ca a kan a sauke su. Yanzu ma ba a bukatar allo. Wayar hannu da kanta take wanke fuska kafin a ɗora hoto a TikTok, mai ɗaukar hoton biki kuma yana ƙara wa amarya haske ba tare da an roƙe shi ba, har dangin ango su ga hoto su ga mutum su fara ƙus-ƙus.

Mu mutanen Zongo ya kamata mu fi kowa gane wannan, don mun san ɗanɗanon a auna mutum da abin da bai zaɓa ba. Mun san sunayen raini da ake kiran ɗan arewa da su a cikin gari. Dattawanmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka kwashi mutanen da wasunsu a nan aka yanke musu cibiya. Har gobe mai suna irin namu yakan sha tambayoyi a wurin neman fasfo fiye da maƙwabcinsa. A duba kuma wani abin mamaki. Hancin Fulani da hasken Fulani ake yabo a gidan biki, amma Bafillacen da ke kiwo a Agogo abin tsangwama ne. Yaran Buzaye da ke bara a bakin titunan Kumasi sun fi duk mai haɗi haske, babu kuma mai cewa a je a nemi aure a gidansu. Ashe hasken da ake so shi ne wanda ke tuna wa mutum mai kuɗi, mai mulki, mai zama a inuwa, wadda ba ta ɗaukar kaya a ka cikin ranar Kejetia kamar 'yan matan kayayei. Daraja ake saye a cikin robar nan, fata hanya ce kawai.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa jikinta ne, kuɗinta ne, a ƙyale ta, ai Baturiya ma tana kwanciya a rana don ta yi duhu. Mun yarda babu wanda ya isa ya wulaƙanta ta, kuma zagin da ake yi mata zalunci ne a kan zalunci. Sai dai Baturiyar da ta ƙi shan rana ba ta rasa miji ko aikin karɓar baƙi a otal saboda haka. A unguwar da aure ne babban jarin mace, inda za a iya yi mata kishiya fara a kuma gaya mata dalili a fuska, shafa mai lissafi ne na mai neman tsira. Kuma zancen “jikinta ne” ya rushe tun ranar da abin ya isa ga wanda ba a shawarta ba. A 2018 sai da FDA ta fito ta gargaɗi masu juna biyu da ke shan ƙwayoyin gulutatayon da fatan su haifi farin jariri. Maza ma sun shiga layi, kuma ɗan damben Accra Bukom Banku bai ɓoye nasa bilicin ba a 2016.

Doka tana da amfani, kuma muna so FDA ta riƙa shiga kasuwa da kanta maimakon jiran kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema da kan iyakar Aflao, Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna kuma ta hana sayar da bututun sitiroyid ba takardar likita. Amma Côte d'Ivoire ta kafa irin wannan doka tun 2015, kayan kuma ba su ɓace daga kasuwanninta ba, don muddin akwai mai nema za a samu mai kawowa. Gangamin da 'yar fim Ama K. Abebrese ta fara a 2014 na son launin da aka haife ka da shi ya yi kyau, sai dai mata ya yi wa magana, kuma da Turanci. A Zongo magana tana shiga ne ta bakin liman da Sarkin Zongo da magajiya da malamar makaranta. Malamanmu sun san aya ta 22 ta Suratur Rum, wadda ta sa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, sun san huɗubar ban-kwana ta soke fifikon fari a kan baƙi. Muna roƙon su juya fuska daga sahun mata zuwa sahun maza in za su karanta su, musamman a wurin ɗaurin aure, inda waliyyai da iyayen ango ke zaune. Masu gyaran amarya da ke karɓar yarinya mako biyu kafin biki su ajiye cokalin haɗi su koma ga lalle da dilka da man kaɗanya, wanda matan Tamale da Bolgatanga ke bugawa, kamfanonin Turai kuma ke saye da tsada. Uwar ango da za ta aika a duba mata yarinya a Akwatia Line, in 'yar aiken ta dawo ta fara da “fara ce”, ta tsayar da ita ta tambaye ta sauran bayanin.