Rangwamen Haraji Ba Rabon Kuɗi Ba Ne

Tun ranar 1 ga Janairu, 2026, da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Nijeriya, zancenta ya shiga gidajen biki da na suna, daga Kafur har Malumfashi da Funtuwa. Wata ta ce an yafe wa talaka haraji. Wata kuma ta ce a'a, ai har kuɗi Gwamnati za ta mayar wa masu ƙaramin ƙarfi. Ta farkon tana kusa da gaskiya. Ta biyun kuwa labarin wata ƙasa ta jiyo.

A Amurka ne ake yin haka, tun shekarar 1975. Ma'aikacin da samunsa bai taka kara ya karya ba, idan ya cike takardar harajinsa ta shekara, sai a lissafa masa rangwame gwargwadon abin da ya samu da yawan 'ya'yansa. In rangwamen ya ɗara harajin da ake binsa, sai a ƙirga ragowar a ba shi. Amma fa sai da guminsa ya sami kuɗin, sai yana da lambar shaida, sai kuma ya cike takardar. Hukumar harajinsu da kanta ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka cancanta ba sa nema.

Tamu dokar, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu cikin Yunin 2025, ba ta ba kowa ko kwabo. Abin da ta ce shi ne, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, watau naira 70,000 a wata, shi ma an ɗauke masa. Saboda haka duk wanda ya yi sallama ya ce ki kawo kuɗin fom, ko lambar asusunki ta banki, wai za a maido miki da haraji, to, ki ja ƙofarki ki rufe.

Akwai kuma rangwamen kuɗin haya, kuma nan ne ya kamata uwargida ta buɗe ido. A ce maigida malamin makaranta ne mai albashin naira 100,000 a wata, watau 1,200,000 a shekara. In an fitar da 800,000, saura 400,000, a kansu ne za a yanki kashi 15 cikin ɗari, naira 60,000 ke nan. To, in yana haya a Malumfashi a kan naira 200,000, za a zare kashi 20 cikin ɗari na hayar, watau 40,000, kafin a yi lissafi, harajin ya sauko 54,000. Naira 6,000 ba dukiya ba ce, mun sani, amma ta sayi littattafan rubutun yara. Sai dai ba a ba da ita sai an faɗi ainihin kuɗin hayar, kuma magana ba rasit ba ta da ƙafa. Mazanmu, Allah ya shirye su, takarda ba ta kwana biyu a aljihunsu. Ki karɓa ki adana a ƙasan akwati tare da katin asibitin yara.

Yawancin mutanen Kafur ba albashi suke ci ba, masara da dawa da auduga ne. Ga manomi da mai sana'a, riba ake dubawa bayan an fitar da kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, ba dukan cinikin ba. Wa zai tuna wannan in ba a rubuta ba? Ke 'yar makaranta, ga amfanin lissafin da ake koya miki. Ki ware littafi guda, ki riƙa rubuta wa Inna kuɗin gyaɗar da ta saya, da ladan niƙa, da abin da aka samu a man da ƙuli-ƙulin. Ki kuma matsa mata ta yanki katin ɗan ƙasa, domin lambarsa ce yanzu shaidar mutum wajen masu haraji.

Ga hukuma kuwa muna da magana. Tsofaffinmu ba su manta da 1979 ba, lokacin Kafur tana cikin Jihar Kaduna, da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, talaka ya ji sauƙin a jikinsa nan take. Wannan karon mai tuyan awara ba ta ji komai ba, don dama ba a binta harajin samu. Kuɗin tikitin kasuwa ne ke cin ribar tallarta kowace ranar kasuwa. Muna roƙon wakilanmu na Majalisar Dokokin Jihar Katsina su fara dubawa daga nan.