Masuncin Bayan Azahar

Kowa ya san bikin kamun kifi na Matan Fada a Argungu, wanda aka faro a 1934, UNESCO ta karrama shi a 2016. Amma giwan ruwan da ake ɗagawa gaban manyan baƙi ba shi ke ciyar da Kabawa ba. Cefanen gida yana wuyan masuncin da ke tura kwalekwale bayan azahar, ya watsa birgi, ya jawo 'yan tarwaɗa da karfasa. Tun da madatsun Bakolori da Goronyo suka rage malalar ruwa a fadama, inda kifi ke hayayyafa, masuncin yakan wuni bai cika ƙwarya ba. Mahukuntan Birnin Kebbi, ku ba mutumin nan ko rabin kulawar da kuke ba biki.